Yadda Sabon Jarumi Zai Zaɓi Rol Bayan Sunansa Ya Fito

A Kannywood suna yakan riga kuɗi isowa, ya kuma riga ƙwarewa. Kashi huɗu ko biyar na fim mai dogon zango sun isa a fara tare mutum a Zoo Road ana neman hoto da shi, alhali telan da ya ɗinka masa kayan fim ɗin yana bin sa ciko. Daga nan waya za ta fara ruri. Furodusoshin da a da ko gaisuwarsa ba sa amsawa za su ce ai tun tuni suka hango shi, kowa da labarinsa na "kai kaɗai za ka iya". Ayyuka biyar ko shida da ya karɓa a wannan tsakanin su ne za su nuna ko zai daɗe ana damawa da shi, ko kuwa nan da shekara biyu za a riƙa tambayar ina wane ya shige. Bayanin nan na wanda ke wannan gaɓa ne, namiji ko mace.

Wa aka sani, kai ko rol ɗin?

Ka saurari sunan da ake kiranka da shi a kasuwa. In sunan da ka fito da shi a fim ne, to rol ɗin ne ya yi suna, kai tukuna. Wannan tsohon abu ne a wasan Hausa. Usman Baba Pategi ya rayu ya rasu a 2023 mutane da yawa Samanja kawai suka sani. Rabilu Musa ya zama Ibro har ƙarshen rayuwarsa a 2014. Mata kuwa sunan fim ɗin da ya fito da su ne yake manne musu, kamar Rukayya Dawayya da Sadiya Gyale. Ba laifi ba ne mutum ya zauna a hali ɗaya ya ci abinci da shi, Ibro ya nuna ana iyawa. Amma ya zama kai ka zaɓi hakan da saninka, ba wai ka farka ka tarar babu daraktan da ke iya hango ka a wata riga ba.

Fim mai dogon zango ya ƙara tsananta abin. A zamanin faifai, mai kallo yakan ga jarumi a labari goma daban-daban a shekara. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, aka koma tashoshi irin Arewa24 da YouTube, sai ya zama fuska ɗaya da hali ɗaya ake gani duk mako, wani lokaci shekara uku ko huɗu a jere. Kuma masu bibiyar tashar ba naka ba ne, na mai tashar ne. Kamar mai haya kake a shagon wani: ciniki na hannunka, mukulli na hannunsa. Saboda haka tun a makon farko ka buɗe shafukanka da suna ɗaya tak a Instagram, TikTok da Facebook, da layin waya mai rajista da sunanka, ka kunna tsaro mai mataki biyu. Kada ka bar lambar sirri a hannun yaron ofis ko wanda ya ce zai riƙa kula maka da shafi. Ranar da kuka ɓata, da shafin zai tafi.

Karatun labari

Duk wanda ya kira ka, abin da za ka fara nema shi ne rubutaccen labari. Sau da yawa za a ce ana kan rubutawa, ko a ce ka zo lokeshan kawai za a yi maka bayani. Kada ka yi fushi, haka ake aiki a wurare da dama, amma kada ka sauka ƙasa da abu biyu: taƙaitaccen labarin zangon gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, da cikakken rubutun kashi uku na farko. Wanda ya kasa ba ka waɗannan bai san inda labarinsa ya dosa ba, kuma irin wannan fim ne ake ja har kashi sittin ana maimaita rigima ɗaya a falo ɗaya.

In rubutun ya zo hannu, karatu uku za ka yi masa. Na farko a zama ɗaya, ba biro, kamar mai kallo. Ka lura da shafin da hankalinka ya fara komawa kan waya, domin a nan mai kallo ma zai danna gaba. Na biyu da biro: ka yi alama a kan duk fitowar da kake ciki, ka ƙirga su, ka rubuta wuraren da za a ɗauke su. A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka za ka iya ƙiyasta tsawon zamanka a gaban mai kallo. Wannan lissafin ne kuma za ka riƙe in an zo maganar kwanaki da kuɗi.

Karatu na uku shi ne mai wuya, kuma shi ake yawan tsallakewa. A kowace fitowa ka rubuta amsar tambaya uku a gefen takarda: me wannan mutum yake so a nan, wa ya tare masa hanya, me ya sauya kafin a yanke. In ka tarar a fitowa 20 cikin 30 amsar ta uku "babu" ce, zaman kujera aka kira ka. Akwai jarumai da yawa da ake ba su shafuka cike da magana, amma duk maganar ba da labarin abin da wani ya aikata ne: "Hajiya, kin ji abin da Alhaji ya yi kuwa?" Mai irin wannan rol ɗan aike ne, ko da fuskarsa ce ta fi girma a fosta. Gwajin ƙarshe shi ne ka cire mutumin daga labarin a zuciyarka. In komai ya tafi yadda yake ba tare da shi ba, sunanka ake so a saya don tirela, ba wasanka ba. Ana iya karɓar irin wannan aiki, amma a karɓe shi da farashin talla, a kuma rage masa kwanaki.

Sai ka karanta maganganunka da ƙarfi, a tsaye. Jimlar da numfashi ɗaya bai ɗauke ta ba, ko wadda ba ka taɓa jin wani ya faɗi irinta a gida ko a kasuwa ba, za ta fito a bakinka kamar hadda. Ka yi mata alama ka tattauna da darakta kafin ranar ɗauka, ba a gaban ma'aikata ana jiran rana ta faɗi ba. In rol ɗin na Basakkwace ne, ko Bafillace, ko mutumin Damagaram, ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe karin harshen daga kashi na 1 har na 13 ba tare da ya zame ba, sannan ka duba ko labarin mutum ya rubuta ko kuwa abin dariya ya mayar da ƙabila guda. Mutanen da aka yi wa shaguɓe ba sa neman sunan marubuci, fuskar da suka gani suke riƙewa. Haka abin yake ga aya ko hadisi ko hukuncin saki da gado da aka sa a bakinka: ka kai wa malamin da ka amince da shi ya duba. Kuskuren fatawa a fim, ɗan guntun bidiyonka ne zai yi yawo a WhatsApp, ba na wanda ya rubuta ba.

Abin da hukuma ba ta lamunta

Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano tana aiki tun 2001, kuma dokokinta suna sauyawa da sauyin shugabanci. A 2021 ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2023 ta soke lasisin 'yan masana'antar ta ce kowa ya sake rajista. A 2024 ta hana nuna daba da daudu. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango saboda ana sakin su ba tare da an kai mata ta tace ba, cikinsu har da manya da kowa ke kallo. Amfanin sanin wannan a gare ka mai sauƙi ne: rol ɗin da ya dogara kacokan a kan abin da aka hana zai iya ƙarewa a ƙarƙashin almakashin edita, ko fim ɗin ya tsaya cak bayan ka ba shi wata biyu. Ka tabbatar rajistarka da ƙungiyar 'yan fim da hukuma tana nan daram, ka kuma tambayi furodusa kai tsaye ko kowane kashi zai bi ta tacewa kafin a sake shi.

Aikin waje ma yana dawowa gida. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda bidiyon waƙa da ta fito a ciki, ba ma fim ɗin Hausa ba. Ta ci gaba da aiki a Legas, daga baya har a fim ɗin Indiya, amma ba kowa ke da wannan ƙofar ba. In an kira ka Nollywood ko bidiyon waƙa, ka faɗi iyakarka tun a waya, ka sa a rubuta ta: babu taɓa jiki, ga irin suturar da za ka sa, ga irin fitowar da ba ka yi. Daraktan Legas ba mugunta yake nufi ba in ya ce a rungume juna, a wurinsa ba komai ba ne. In ba a rubuta ba, a ranar ɗauka ne za ka tsinci kanka kai kaɗai kana jayayya da mutum 40 da ke jiran ka.

Ka kuma nemi a nuna maka fosta da hoton da za a ɗora a fuskar bidiyon YouTube kafin a saki. Sau da yawa fim ɗin lafiya lau yake, hoton jan hankalin ne ke jawo zagi.

Wa ke yin fim ɗin?

Labari mai kyau a hannun da ba zai iya ƙarasa shi ba asarar lokaci ne. Kada ka tambayi manyan jarumai halin furodusa, su kowa yana biyan su a kan lokaci. Ka tambayi mai haske, mai ɗaukar sauti, mai kwantiniti (mai lura kada kaya da kamannin ɗan wasa su sauya daga fitowa zuwa fitowa) da direban da ya yi jigilar kaya a aikinsa na baya. Tambaya uku ta isa: an biya ku, bayan kwana nawa, kuma an gama aikin a kwanakin da aka ce? In biyu daga cikinsu suka yi murmushi suka ce "sai dai haƙuri", ka ji amsa.

Sannan ka kalli aikin daraktan guda biyu na ƙarshe da abin sauraro a kunne. Hoto yanzu kusan kowa yana samu, kyamara ta yi araha. Sauti ne ke tona asiri: ƙarar janareta a bayan magana, murya tana hawa tana sauka tsakanin mutum biyu da ke zaune a kujera ɗaya, kiɗa ya danne kuka. Duk ƙoƙarin da ka yi, in ba a ji shi ba bai faru ba. Ka duba yadda yake ɗaukar ƙananan 'yan wasa, ko yana ba su fuska kusa in suna magana ko kuwa kyamara tana kan babban jarumi koyaushe. Ka buɗe tashar ka duba ranakun da aka saki kowane kashi. Giɓin mako uku ko wata guda a tsakiyar zango alama ce ta kuɗi sun yanke.

Yana da kyau ka san daga ina kuɗin ke fitowa, domin shi zai gaya maka ranar da za a sallame ka. Mai tasha a YouTube yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, ana biyan sa sau ɗaya a wata, tsakanin 21 da 26 ga watan da ke biye, kuma sai kuɗin sun kai dala 100. Tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ta kai ta Turai ko Saudiyya tsada ba, don haka kallo miliyan ɗaya ba lallai ya zama kuɗin da kake zato ba. Furodusan da ke jiran kuɗin kashi na 3 kafin ya ɗauki na 7 ba maƙaryaci ba ne, amma in ka shiga aikinsa ka sani kai ma ka zuba jari ne, da kwanakinka. Ka tambaye shi a fili: kuɗin zangon nan duka suna ƙasa, ko ana yi ana nema?

Takarda

A farkon 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta faɗa a hira da BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta yi fim. Wasu furodusoshi suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Aka yi makonni ana cacar baki, kuma abin da ya bar ƙofar gardamar a buɗe shi ne yawancin cinikin masana'antar da baki ake yin sa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, amma ranar rigima abin da aka rubuta ake nema.

Ba sai takardar lauya mai shafi goma ba. Shafi ɗaya ya isa, in ma ya gagara, saƙon WhatsApp da ka rubuta shi kuma ya amsa da "na amince" ya fi babu. A ciki a sami sunan fim da sunan rol, adadin kashi ko fitowa, ranar farawa da ranar gamawa, jimlar kuɗi, da yadda za a biya. Abin da ya fi kare ka shi ne rabi kafin alƙalami, sauran rabin kafin ranar ɗaukarka ta ƙarshe. Da zarar an ɗauki fitowarka ta ƙarshe, ba ka da sauran abin riƙewa. A biya ta banki, a rubuta sunan aikin a bayanin turawar. A faɗi kuɗin kowace ranar da ta ƙaru a kan waɗanda aka yi alkawari, domin kwana 10 na komawa 16 cikin sauƙi in ruwan sama ya sauko ko mai gidan da aka ara ya ce baƙi sun zo. A faɗi wanda zai ɗauki nauyin sutura, kwalliya, mota, abinci da masauki in an fita gari.

Maganar sutura ba ƙarama ba ce, domin a ayyuka da yawa ɗan wasa ne ke zuwa da kayansa. A ce an yi maka tayin naira 300,000 a kan kwana 12, rol ɗin ɗan mai kuɗi. Labarin yana buƙatar kaya kala 10, kowanne ya ci maka 15,000 tsakanin yadi da ɗinki, 150,000 ta tafi. Zirga-zirga 3,000 a rana, 36,000. Aski, wanki da guga 14,000. Abin da ya rage 100,000 ne, wato kusan 8,300 a rana. In kuma kwana 12 ɗin a warwatse suke cikin wata biyu, an hana ka aske gemu ko sauya gyaran gashi saboda kwantiniti, to wata biyu ka sayar, ba kwana 12 ba. Wannan lissafin za ka yi da farashin ranar da ake ciki kafin ka ce to.

Abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, yarjejeniya ta tsaya a zango ɗaya, na biyu a sake zama. In fim ya karɓu, farashinka na zangon farko ba shi ne na uku ba. Na biyu, yadda za a rabu. Aure, karatu, rashin lafiya ko juna biyu duk suna iya faɗowa a tsakiyar labari. A rubuta cewa mai son fita zai ba da sanarwar wata ɗaya ko biyu, ya kuma ba da kwana biyu ko uku a ɗauki fitowar da za ta rufe labarinsa. Ficewa ba sallama tana tilasta a sauya fuska a tsakiyar zango, masu kallo su yi ta ƙorafi, kuma sauran furodusoshi suna lura da wanda ya jawo.

Yadda za a jera ayyukan

A cikin kowane aiki huɗu na shekara biyun farko, biyu su kasance irin abin da aka san ka da shi, domin shi ke kawo kuɗi kuma masu kallo ba su gaji ba tukuna. Ɗaya ya zama kishiyarsa: in an san ka da sanyin hali, ka nemi mugu, in da barkwanci aka san ka, ka nemi rol ɗin da babu dariya ko ɗaya a cikinsa. Na huɗu na koyo ne, ƙaramin rol a hannun darakta mai tsanani ko kusa da tsohon ɗan wasan da za ka zauna ka ga yadda yake sauraron abokin wasansa. Fitowa shida masu nauyi a fim mai kyau sun fi jagorancin kashi 26 na shirme amfani, kuma daraktoci irin waɗannan fitowar suke tura wa juna.

Kada ka bari fina-finai masu dogon zango fiye da biyu su riƙa fita da fuskarka a lokaci ɗaya. In mai kallo ya gan ka ranar Laraba kana kuka a kan wata, ranar Juma'a kana kuka a kan wata daban da hula iri ɗaya, labaran za su cakuɗe masa, kai kuma ka zama abin da aka saba gani.

Rol ɗin mugu yana da tsada a wajen allo. Akwai masu kallon da ba sa raba wasa da gaske, za a zage ka a shafinka, wataƙila a faɗa wa mahaifiyarka magana a gidan biki. Ka shirya iyalinka tun kafin a saki fim ɗin. Duk da haka shi ne rol ɗin da ya fi buɗe wa ɗan wasa hannu, kuma ba ya tsufa. Saurayin soyayya da rawa da waƙa yana da wa'adi, ko ka so ko ka ƙi wani yaro yana tafe. Ali Nuhu, wanda ya fara a 1999, bai jira an ture shi ba: ya haɗa da shiryawa da ba da umarni a kamfaninsa na FKD, ya shiga fina-finan kudu, ya karɓi matsayin uba, kafin a naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024. Ka fara karɓar rol ɗin yaya, malami ko ɗan sanda tun ana ba ka na saurayi.

Yadda ake cewa a'a

Masana'antar ƙarama ce, wanda ka ƙi yau gobe shi ne mai babban aiki. Ka ba da amsa cikin kwana biyu ko uku. Jan rai ya fi ƙi ciwo, domin ya hana shi neman wani. Ka kira ko ka je da kanka, kada ka aika yaro, kada kuma ka kushe labarin. "Yallaɓai, na karanta, na gode da ka tuna da ni. Rol ɗin ya yi kama da wanda nake ciki yanzu, ina tsoron kada in cuci aikinka. In akwai wani daban, ko ƙarami ne, ina so." Wannan ya wadatar. Dalilin da ka bayar ya zama gaskiya, domin in ka ce ba ka gari aka gan ka a wani lokeshan a Ɗorayi, zancen zai riga ka komawa gida.

Ubangidan da ya fito da kai yana da haƙƙi, kuma butulci tabo ne da ba ya gogewa a Kano. Matsalar ita ce bashin da ba a faɗi adadinsa ba, ba ya biyuwa. Ka same shi cikin ladabi ku tsayar da abu sananne, misali aikinsa ne farko a jadawalinka, ko aiki ɗaya a shekara a kan rangwame, sauran lokacin kuma ya sa maka albarka ka yi na wasu. In iyayen gida suna rigima, kada ka sa baki a shafinka. Su za su shirya a wurin ɗaurin aure, kai a bar ka da abokan gaba.

Ga mata akwai ƙari. Maganar aiki a ofis ake yin ta, da rana, kuma babu laifi ki zo da yayanki ko wata babba. Duk wanda ya ce sai kin same shi a masauki za a ba ki labari, ba rol yake bayarwa ba. Masu buɗe shafi da sunan fitattun jarumai suna karɓar kuɗin fom kuwa 'yan damfara ne, mai aiki shi ke biya.

In waya ta yi shiru

Za ta yi. A 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, a 2020 korona ta rufe lokeshan, a tsakaninsu kasuwar faifai ta mutu da mutane da yawa a cikinta. Ko babu irin wannan, aiki yakan ja baya da azumi da tsakiyar damina. Duk kuɗin da ya shigo ka cire kashi ɗaya cikin uku ka kai asusun da babu katinsa a aljihunka, har ka tara abin da zai riƙe gidanka wata shida. Kafin nan ba mota, ba sabuwar iPhone don a gani. Mai ajiyar wata shida ne kaɗai ke iya ƙin mummunan rol. Shago ko makarantar da kake kafin suna ya zo, kada ka saki.

In wata uku ya wuce ba kira, ka nemo dalili maimakon zargin hassada. Ka tambayi darakta ɗaya da mai kwantiniti ɗaya da za su gaya maka gaskiya. In kowa ne ke zaune, kasuwa ce, sai haƙuri. In farashinka ne ya wuce abin da sunanka ke jawowa, ka sauko ba tare da shela ba. In hali ne, wato makara, kashe waya, zuwa ba ka haddace layinka ba, ko tafiya da zugar abokai lokeshan, wannan ya fi kowanne saurin yaɗuwa kuma gyaransa aiki biyu ko uku ne a jere da za ka riga mai haske isowa. In kuwa an gaji da fuskar ne, ka ɗan janye, ka koyi wani abu a bayan kyamara. Tace hoto, rubutun labari da ɗaukar sauti duk ana koyon su a Kano da Kaduna a hannun masu yi, akwai kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos ga mai son takarda.

A irin wannan lokaci ne tayin talla da siyasa ke fi daɗin ji. Kada ka tallata magani ko kayan shafa da babu lambar NAFDAC a jikinsu, kada ka tallata harkar "zuba dubu goma ka kwashi ashirin", domin ranar da ta rushe ƙofarka waɗanda aka cuta za su zo. Kowace talla a rubuta wata nawa za a yi amfani da hotonka da kuma a ina, in ba haka ba za ka gan shi a allon titi bayan shekara uku ba ko sisi. Wasan sallah a Yamai, Maradi, Kumasi ko Garwa kuwa, a turo kuɗin mota na zuwa da dawowa da rabin sallama kafin ka bar gida. Siyasa tana biya da kyau a shekarar zaɓe, amma rabin masu kallonka suna ɗaya ɓangaren, kuma alkawarin ɗan takara bayan zaɓe ba abin dogaro ba ne, in za ka yi ka karɓi haƙƙinka a gaba.

Sannan ka haɗa ɗan bidiyon ayyukanka, kada ya wuce minti uku. Fitowa huɗu masu hali daban-daban, mafi ƙarfi a farko, kowacce da fuskarka kusa da murya tsaf, ba waƙa, ba kiɗan da zai rufe magana, sunanka da lambar wayarka ta aiki a ƙarshe. Ka nemi izinin masu fina-finan kafin ka yanka. Ka tura wa daraktoci biyar da ka zaɓa da kanka, kowanne da saƙonsa daban da ke ambaton aikinsa da ka kalla, ka faɗi irin rol ɗin da kake nema wanda ba a taɓa ba ka ba. In mako biyu ya wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka tura wa biyar na gaba.